Unguwar Gwaggo Asibi da Motar Safe ta Mainika

Mai girma shugaban taro, Alhaji Mijinyawa, jagoran direbobinmu na layin Gwarzo zuwa Kabo, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, ɗalibaina na ajin kwamfuta, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannunku da hanya, yaya kuka baro mutanen gida?

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma gode wa direbobin da suka yi haƙuri da tambayoyin yaran nan, ko da injin yana kunne, fasinja yana tsaki.

Yau ƙungiyar direbobi za ta yanke shawara a kan motar safe ta Mainika, ko a bar ta ko a janye ta, kuma an ce a saurari abin da manhajar ɗalibaina ta gano kafin a yanke.

Na farko, ku bar ni in tuna baya. Ina yaro a Mainika, motarmu ɗaya ce, akori-kura shuɗiya ta marigayi Badamasi. Tun tana bayan gonakin dawa muke jin hon ɗinta, sai ka ga mata sun fito da ƙoren nono, tsofaffi suna laluben takalma. Badamasi yakan kashe mota ya jira dattijo ya ƙarasa alwala, ba mai cewa uffan. Ba a ƙidaya mu a lokacin, domin kowa ya san kowa. Wallahi ina kewar wannan zamani. Amma garuruwa sun cika, mai ya yi tsada, kan mutum ɗaya ba zai riƙe tafiyar jama'a duka ba.

Na biyu, shi ya sa yaran nan suka ƙirƙiro manhaja. Suna tambayar wanda ya fito daga gida inda za shi, su shigar a waya, ita kuma ta tattara amsoshin ta zana taswira: ga inda ake yawan zuwa, ga lokacin da ake fita, ga inda mota ke tafiya ba kowa. Da taswirar farko ta fito, sai ta nuna matan Mainika ba sa zuwa ko'ina. A kan haka aka fara maganar janye mota.

Ɗalibata Zinnira ta ce sam. Ta san gwaggonta Asibi ba ta mako ba ta hau motar nan ba. Ta tafi ta same ta tana tankaɗe.

"Gwaggo, da Zayyad ɗan ajinmu ya tambaye ki ran Laraba, ina kika ce za ki?"

"Unguwa mana."

"To ina kika je?"

"Kabo, wajen 'yata Rahama. Ba kin san cikinta ya tsufa ba?"

"Haba Gwaggo, Kabo ce unguwa?"

"Ke ja'ira, rufa min baki! A bakin titi zan tsaya ina shelar inda za ni? Ko Makka zan tafi, unguwa zan ce masa."

Jama'a, kun ji inda aka yi ɓatan kai. Manhaja ta ɗauki unguwa a matsayin maƙwabta, tafiyar ƙafa da ba ta buƙatar mota. Mu kuwa mun san iyayenmu ba sa faɗin tafiya kafin a yi ta. Kunya ce, kuma tsoron baki ne. Haka uwata take, haka taku take.

Na uku, ku ji gyaran da suka yi, domin shi ya fi faranta min rai. Ba su ce iyayensu su canza hali ba, tambayar suka canza. Suka daina tare mai fita, suka koma tarbar mai dawowa: "Sannu da hanya, Inna, yaya kika baro su?" Wanda ya dawo kuwa ba ya ɓoye inda ya je, har tsaraba zai ba ka. Sabuwar taswira ta nuna matan Mainika ne suka fi kowa bin hanyar Kabo da Gwarzo, sai dai ba da asuba suke fitowa ba, sai sun sallami gida da hantsi. Motar ce ke riga yawancinsu wucewa, sai su hau acaɓa.

Ɗalibaina, ku riƙe wannan: kafin ku koya wa na'ura lissafi, ku koya mata yadda mutanenku ke magana.

Ranka ya daɗe Alhaji, roƙona ɗaya ne. Kada a janye motar, a jinkirta fitowarta zuwa hantsi, a gwada har bayan kaka. Gwiwoyin Gwaggo Asibi ba za su iya hawa acaɓa ba, Rahama kuma haihuwa yau ko gobe. Ga Gwaggon can a layin gaba. Ɗazu na gaishe ta, ta ce min gobe tana da unguwa. Alhaji, yanzu duk mun san abin da take nufi.

Allah ya sauki Rahama lafiya, ya tsare direbobinmu a hanya, ya yi wa yaran nan albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.