Goɗiyar da ke tsoron ruwa

A kasuwar Tamale, tsoho Jibirilu ya zo saya wa awakinsa dusa, ya tarar da wani malamin makaranta, Kwamena, yana ciniki. Warin doki a rigar mutumin ya hana tsohon yin shiru.

"Ɗana, doki gare ka?"

"Goɗiya ce, Baba. Yanzu haka ina shirya ta ne don gasar tsallake. Shingen katako kam tana tsallakawa, amma da ta ga ruwa sai ta toge. Mai koya mana hawa ya ce in sayar da ita."

"Sayarwa? Haba! Mu da, wani tafki muke kai irinsu a unguwar Vittin da la'asar, tsohon doki a gaba, sabo na biye, ba bulala. Ka bi ta bayan tsamiyoyin nan biyu..."

"Baba, ai nan gidana yake. An cike tafkin tuni."

Jibirilu ya daɗe yana murza dusa a tafin hannunsa.

"Ruwa na shigo muku da damina?"

"Har ɗaki."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ashe ba ni kaɗai nake neman wurin ba, har da ruwan."