Akori-kurar da Ta Ƙi Ribas

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Rabi daga Sabo, Ibadan.

Marigayi maigidana Alhaji yana da akori-kurar ɗaukar goro. Da aka sa mata injin tokumbo, wato tsohon inji daga ƙasar waje, sai ta sake hali. Ribas ya ƙi shiga, kuma duk sanda ya taka birki sai hon ya ɗauka. Bayan sallar asuba maƙwabta ke tura ta baya zuwa titi, suna tsokanarsa. Da yamma kuwa tun daga gangaren Mokola nake jin zuwansa, in tashi in tuƙa tuwo.

Daga baya wani bakanike Bayarabe ya gano an haɗa wayoyi ba daidai ba, ya kuma saita sandar giya. Ranar Alhaji ya shigo shiru, ya tarar ko tukunya ban ɗora ba. Ya ce, "Rabi, ashe motar kike wa girki?"

Yanzu tana ƙofar gida ba taya, ɗanmu yana son sayar wa 'yan gwangwan. Masu sauraro, ku ba ni shawara, don har yau in na ji hon da yamma sai na miƙe.