A Kwance Igiyar Gidan Ganuwa Kafin Ruwa Ya Sauka

Mai girma shugaban taro, wakilin Kantoma, masu unguwannin Turaki da Sarkin Dawaki, limamanmu da fastocinmu, Malam Manga mai kula da wannan gidan tarihi, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa da suka rufe rumfa suka zo, jama'ar Jalingo baki ɗaya, ina gaishe ku da gaisuwar girma.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni Albarka mai atamfa, in yi magana a bikin tunawa da buɗe Gidan Ganuwa. An ce in yabi gidan, kuma zan yaba, domin talla sana'ata ce.

Da farko, tarihi. Kakanninmu sun ce wani madugu ne ya gina shi a zamanin yaƙe-yaƙe, tun garin nan bai zama gari ba. Ku dubi kaurin bangon, mutum zai kwanta a kansa ya miƙe ƙafa. Ku dubi ƙofar zaure, an tsuke ta don kada mutum biyu su shigo a jere. Ga tagogin kibiya, ga rijiya a tsakar gida, ga rumbun ƙasa da ake ɓoye dawa idan an kewaye gari. Bayan an samu jiha aka share ɗakunan, aka jera sulke da garkuwar fata da ƙarafan maƙeran ƙabilar Mumuye. Yau 'yan makaranta na zuwa, baƙi na zuwa, har Bature na gani yana ɗaukar hoton rijiya kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

Na biyu, ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, na san turmin da ake shimfiɗawa a gaba, na san wanda ake turawa ƙarƙashin tebur. Wanda ya kafa rumfar taron nan gwani ne, don ya kafa ta daidai inda za ta rufe bangon yamma. Duk mai shakka ya ɗaga tamfol ya leƙa. Bangon ya tsage tun daga sama, hannuna ya shige har gwiwar hannu. Kuma a gindin bangon nan ɗakin Hajja yake, jikar jikan madugu, tsohuwar da ke ba 'ya'yanmu labarin gidan.

Na je na roƙe ta ta koma wajen 'yarta. Na ce, "Hajja, bangon nan ya gaji." Ta ce, "Kai Albarka, ka mai da ni atamfar da ta kwana ne, za ka canja mini rumfa? Nan aka binne cibiyata. Bangon bai gaji ba, yunwa yake ji. Yaushe rabon da ku ba shi ƙasa?"

Wannan ya kawo ni ga na uku. Me ya riƙe gidan nan tun kaka da kakanni? Gayya. Kowace shekara kafin damina, kowace unguwa da gefenta. Turaki gabas, Sarkin Dawaki yamma. Maza na tattaka jar ƙasa da ciyawa, mata na ɗebo ruwa, a jiƙa makuba a shafe, Musulmi da Kirista laka har wuya, a sha kunu a watse. Da gidan ya zama na tarihi sai kwamiti ya zagaye shi da igiya, ya ce kayan tarihi ba a taɓawa, a jira ƙwararru. Niyya mai kyau ce. Mu ma muka ce madalla, an hutar da mu. Muna jira, bango na zaizayewa. Muna jira, tsaga na buɗewa. Igiya ta hana hannunmu, amma ba ta hana ruwan sama ba.

Jama'a, tsoro nake ji. Motocin da suka shigo daga garin Mutum Biyu jiya, tayoyinsu duk taɓo. Ku ɗaga kai ku dubi gabas. Ruwa na farko mai ƙarfi, ban san ko bangon zai kai safe ba, kuma ban san da wane baki za mu ce wa baƙi ga sulke mun adana, mai gidan kuwa mun bar bango ya danne ta.

Ba kuɗi na zo nema ba. In faɗi gaskiya, tifa ta riga ta juye ƙasa a bayan gidan, Mama Mary da matan zumuntar coci sun jiƙa makuba, matasa sun ce Asabar za su fito gayya. Abu ɗaya ya rage, a ba Malam Manga izini ya kwance igiya, ya tsaya a kanmu ya ga ba mu ɓata komai ba. Idan ba zai yiwu ba, ga Hajja can zaune a kan tabarma, wanda ya ƙi ya taso ya faɗa mata da bakinsa, ni ba zan iya ba.

Ranka ya daɗe wakilin Kantoma, na ga ka gyaɗa kai. Jama'a kun gani, ku ne shaidu. Malam Manga, ka ji.

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ƙara wa Hajja lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Damina kuwa muna son ta, Allah ya ba mu mai albarka, amma ya Ubangiji, ka riƙe mana hadarin nan zuwa Asabar.

Na gode.