Hannun da Na Gani a Madubin Kamiyo

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku ce Amin!

Yawancinku kun san ni. Ni ne Iliya, mijin Rahila, mai zama can baya kusa da ƙofa, in sulale kafin a gama addu'ar rufewa. Yau Fasto ya ba ni dama in tsaya a gaba. Na sha tsayawa gaban manyan soja, amma ban taɓa tsayawa a gabanku ba sai yau. Ku yi haƙuri da ni.

A nan Gure aka haife ni. Babana kafinta ne, dattawan cikinku sun san shi, ba mai yawan magana ba. Ran da zan tafi aikin soja shi ya raka ni tasha, yana riƙe da jakata. Sai da mota ta cika sannan ya buɗe baki. Ya ce, "Iliya, abu biyu. Kada ka yi ƙarya. Kada ka bar abokin tafiya a hanya." Guzurin da ya ba ni ke nan.

A bariki kuma na tarar da wasu kalmomin, an rubuta su da fenti a jikin bango: biyayya, kishin ƙasa, riƙon amana. Kowace safiya muna faɗinsu da ƙarfi har maƙogwaro ya bushe. Kuma na so su, ba don dole ba. A ganina maganar babana da maganar bango duk abu ɗaya ne. Ban taɓa zaton akwai ranar da za su ja ni, ɗaya gabas ɗaya yamma.

A can na haɗu da Kiyari. Gadonsa kusa da nawa. Ya ji na yi magana sai ya juyo ya ce, "Kai, wannan bakin na Gure ne!" Ashe ɗan Kelle ne, garin da ke maƙwabtaka da namu. Shi Musulmi, ni Kirista. Yana ce mini Fasto don tsokana, ni kuma in ce masa Liman. Idan zai yi salla ni ke tsare masa bindiga. Ran Lahadi idan gadi ya faɗo kaina, shi ke karɓa ya ce, "Je ka yi wa Liman addu'a, ya samu mata." Da azumi ina ɓoye masa rabonsa na abinci har rana ta faɗi. Shayinsa kuwa, sukari kamar zai kama maka haƙora, yana zubawa yana ba ka labarin awakin mahaifiyarsa, Ya Falmata, kowace akuya da sunanta da halinta.

Shekara takwas muna tare. Ban da ɗan'uwa namiji a gidanmu, amma Allah ya ba ni shi.

Aka tura mu gabas, wajen bakin tafki, inda kuka san abin da ake fama da shi. Ni ke tuƙa kamiyo, babbar motar da ke ɗaukar sojoji a baya. Wata rana da hantsi muna cikin jerin motoci, Kiyari yana cikin ƙaramar motar da ke gabana. Sai ƙara. Motarsu ta taka nakiya, kafin hayaƙi ya washe harbi ya taso ta ko'ina. Kwanton ɓauna aka yi mana.

Kapiten yana zaune kusa da ni. Ya daka tsawa, "Kada ka tsaya! Wuce!"

Na kauce wa motar da ke cin wuta na wuce. Da na ɗaga ido na dubi madubi, sai na ga Kiyari. Yana kwance a rairayi, ya ɗaga hannu. Da ransa, 'yan'uwa! Da ransa! Ya san kamiyona, ya san ni ne a ciki.

Ƙafata ta tashi za ta taka birki. Na ce, "Mon kapiten, Kiyari ne!" Ya ce, "Na gan shi. Mutanen da ke bayanka fa? Wuce, na ce!"

Na wuce.

Washegari da aka samu ƙarin sojoji muka koma. Mun same shi ya cika. A can muka binne shi da sauran da suka mutu.

Wani tsohon lajidan, na gaba da ni a muƙami, da ya daɗe a aikin ya dafa kafaɗata ya ce, "Sarjan, ka yi daidai. Da ka tsaya, da yau babu mai binne wani." Gaskiya ya faɗa. Har gobe ban ga laifin kapiten ba, shi ma hawaye ya yi a bakin kabarin. Daga baya har lambar yabo aka rataya mini a ƙirji, don na fitar da mota cike da mutane daga cikin wuta. Ana tafi, ni kuwa muryar babana kawai nake ji.

To, ga inda na jefa kaina rami da hannuna. Yayan Kiyari, Lawan, ya kira ni a waya, ya ce tsohuwa tana so ta ji daga bakin abokin ɗanta. Ya miƙa mata. Muryarta ƙarama, Hausarta da karin Barebari. Ta ce, "Ɗana, kana wurin?"

Na ce, "Ina wurin, Inna."

"Ya wahala?"

Na ce, "Ko kaɗan. A hannuna ya cika, nan take. Na ji ya yi kalmar shahada."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ba ka bar shi shi kaɗai ba."

Daga wannan rana barci ya ƙaurace mini. Duk motar da na shiga, ba na iya duban madubi. Wani ya ba ni ƙwayar tiramol, ya ce tana kwantar da zuciya. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina ƙirge. Tuƙi ya fara gagara ta. Shekara biyu ban cika ba bayan abin, likita ya rubuta cewa ban iya aiki, na ajiye kaki na dawo Gure.

Kada ku ɗauka na ji daɗin dawowa. Kewa ta kama ni kamar zazzaɓi. Ina kewar busar asuba, ina kewar ƙarar takalma a fili, ina kewar a kira sunana in amsa da ƙarfi in san ni wani ne. Sama da duka ina kewar Kiyari. In na ji ƙamshin shayi a bakin hanya sai in tsaya kamar wawa. Wani lokaci abin dariya zai faru, in juya in gaya masa, sai in ga bango.

Ran kasuwa, da mutanen Kelle ke shigowa gari, ba na fita. Amma Lawan ya nemo gidana. Kowace shekara bayan girbi sai ya zo da ɗaurin gero da ƙullin dabino, ya ce, "In ji tsohuwa, a ba wanda ɗanta ya cika a hannunsa. Tana tambaya yaushe za ka zo." In ce masa ina nan tafe. Shekara huɗu ina nan tafe! Kelle da ke nan kusa ta zame mini kamar bangon duniya. Dabinon nan ko ɗaya ban taɓa iya haɗiyewa ba.

Rahila ta ga abin da ba a faɗa. Na sayar da kekenta na ɗinki, na yi mata ihu a gaban 'ya'yanmu. Ranar da 'yata Tabita ta same ni kwance a ƙofar gida da rana tsaka, miyau na zuba, ita ta jawo zane ta rufe ni don kada 'yan lekol ɗinsu, abokan karatunta, su gani. Wannan ita ce rayuwar da na yi. Ban ɓoye muku ba.

Bara da Lawan ya kawo saƙo ya tafi, Rahila ta ɗauki ƙullin dabinon ta ajiye a gabana. Ta ce, "Baban Tabita, na yi shiru ya isa. Ba yaƙi ne ke cinka ba. Duk shekara in tsohuwar nan ta aiko, sai ka yi sati ba ka san inda kanka yake ba. Me ke tsakaninka da ita?"

Na tashi na fita, ban san inda zan je ba, sai ga ni a ƙofar wannan majami'a. Ran Asabar ce da yamma, mata sun gama shara sun tafi, Fasto shi kaɗai yana gyara kujeru. Ya dube ni ya ce, "Iliya, zauna." Ban zauna ba, faɗuwa na yi. A nan, daidai inda ɗan'uwa mai ganga yake zaune yanzu.

Na gaya masa duka. Shi ne mutum na farko da ya ji. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Ni ba ni da maganin wannan. Gaya wa Mai shi." Ya durƙusa kusa da ni.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba a bakin kabari. Na ce, "Yesu, oda aka ba ni! Me kake so in yi? In tsaya su mutu duka?" Ina ta maimaitawa, kamar mai kare kansa gaban alƙali. Can sai zuciyata ta yi tsit, tambaya ɗaya ta sauko mini a fili, kamar mutum na tsaye a kaina: kapiten ya ce kada ka tsaya, wa ya ce ka yi ƙarya?

Wayyo, 'yan'uwa! Shekara da shekaru ina ɗora laifi a kan biyayya, ina cewa kaki ne ya raba ni da tarbiyyar gidanmu. Ashe abin da ya fi ƙarfina a ranar nan, Ubangiji bai riƙe ni da shi ba. Abin da ke hannuna, shi na karya. Babu wanda ya sa ni. Ko bangon bariki riƙon amana ya ce, kuma amanar tsohuwar nan na ci don tsoron kada ta tsane ni.

Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini. Ka ba ni ƙafar zuwa Kelle."

Ba zan ce muku ƙwaya ta sake ni a ranar ba. Wata biyu na yi ina amai, ina rawar ɗari, likita na dubana, Rahila da matan zumunta suna azumi a kaina. Sau ɗaya na koma na sha. Amma Yesu bai sake hannuna ba. Haleluya!

Da na samu ƙarfi na hau motar Kelle. Na sami Ya Falmata a tsakar gida tana ba awaki dusa, 'yar tsohuwa, ido ɗaya ya yi fari. Da Lawan ya faɗi sunana sai ta saki ƙwarya ta kamo fuskata da hannu biyu. Ta ce, "Sai yau?"

Na durƙusa. Na ce, "Inna, kada ki sa mini albarka tukuna. Ƙarya na yi miki. Kiyari bai cika a hannuna ba. Na gan shi da rai yana kirana, aka ce in wuce, na wuce. Ban san abin da ya faɗa a ƙarshe ba. Ba kowa a wurinsa."

Ta janye hannunta. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Lawan ya dube ni, idonsa ja, ya ce, "Da ka bar ta da abin da take da shi." Ya fice ya bar ni.

Na zauna a rana tun kafin azahar har aka kira la'asar. Ina jin kukanta daga ciki. Na ce a raina, in ta fito ta tsine mini, na karɓa.

Da ta fito, ta zauna nesa da ni. Ta ce, "Mutanen da ke cikin motarka, sun koma gida?"

Na ce, "Sun koma, Inna."

Ta ce, "To, iyayensu sun gan su." Sai kuma ta ce, "Ka ƙwace mini abin da nake kwana da shi. Ba zan ce maka bai yi ciwo ba. Amma ba kowa a wurinsa, ka ce? Allah yana wurin. Shi ya ji abin da ya faɗa." Ta share ido da bakin zane. "Inda kuka sa shi, akwai itace?"

Na ce akwai, wata aduwa ce babba, inuwarta tana kai wa kabarin da yamma. Na gaya mata abokansa Musulmi sun yi masa salla, ni kuma na sa hannu a haƙan ramin.

Ta ce, "Wannan gaskiya ne?"

Na ce, "Wannan gaskiya ne, Inna."

Ta ce, "Shekara takwas ka yi da shi, ni ban gan su ba. Kai kaɗai ke da su. Za ka riƙa zuwa kana ba ni, kaɗan-kaɗan. Amma kada ka ƙara mini ko gishiri."

Tun daga nan duk wata ina zuwa Kelle. Lawan bai fara yi mini magana ba tukuna, ku sa shi cikin addu'a. Ni da tsohuwa mukan zauna a inuwa in ba ta labarin ɗanta, har da rashin jinsa, har da ranar da aka hore shi don ya yi barci a bakin gadi. Ran nan ta yi dariya har da tari, sannan muka yi kuka tare.

Kewar ba ta tafi ba, kuma na daina roƙo ta tafi. Har yanzu ina son abokina. Amma yau wata goma sha ɗaya ke nan ƙwaya ba ta shiga bakina ba, 'ya'yana sun daina gudu in na shigo gida. Yesu ne ya yi wannan, ba ƙarfina ba. Na gode masa, na gode wa Rahila da ta zauna, na gode muku da kuka yi ta addu'a ba ku san dalili ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai ƙofar da ka shekara kana zagaye ta, kada ka jira sai mai ɗakin ya mutu. Ka kai wa Yesu maganar yadda take, ka dogara gare shi. Zai raka ka har bakin ƙofar, kuma ba zai bar ka ka zauna cikin zafin rana kai kaɗai ba.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.