Tafet Na Uku Ya Yi Ƙara, Oga Bai Tanka Ba

Assalamu alaikum. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban ƙungiyar kanikawa, dattawan layi, Mamanmu uwar gidan Oga, babban ɗansa Yaya Babba da ƙannensa, sannunku da haƙuri.

Da aka ce ni zan yi magana a madadin 'yan gareji, na ɗauka tsokana ce aka rama mini. Ni da ban taɓa buɗe baki an ce madalla ba. To ga ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai Oga, mai garejinmu, shi ne muke ce wa marigayi!

Ya kasance mutum mai kunne. Wasu sai sun kwance inji su san ciwonsa, shi daga bakin ƙofa yake ji.

Ya kasance masoyin inji mai sanduna, har layi ya sa masa Baba Sanda. Ga waɗanda ba aikinsu ba: irin wannan injin, kam ɗinsa, wato ƙarfen da ke juyawa a ciki, yana ƙasa, shi ke tura sanduna su buɗe bawul, wato ƙofofin iskar inji, a sama. Maƙwabcinmu Kawu Bel, ga shi can ya sunkuyar da kai, shi kuma ɗan inji mai kam a sama ne, wanda bel, wato ɗamarar roba, ke juyawa. Tun kafin a haife mu suke wannan musu.

Kawu ya ce, "Naka tsoho ne, Sanda. Ka taka shi da ƙarfi ya fara haki. Nawa ƙarami ne, amma a kan titi sai dai ka ga bayansa."

Oga ya ce, "Gudu ka ce, ba ƙarfi ba. Loda masa kaya ka kai shi hawa. Kuma ran da bel ya tsinke, fistin ya daki bawul, mai mota zai sayar da akuyar matarsa. Nawa fa? Sifana ɗaya da kunne."

In suka yi shiru, ni ne mai zuwa in ce, "Kawu, Oga ya ce injinka na 'yan gayu ne." Sai a koma sabo.

Ya kasance bai taɓa barin motar layinmu ta kwana a lalace ba, wadda ke kai mara lafiya asibiti da mai naƙuda. Mai sanduna ce. Kwamitin layi ya so a cire injin a sa na zamani, da shawarar Kawu. Oga ya ce, "Motar talaka, injin da talaka zai iya gyarawa."

Muna da wasa ni da shi. Da safe in saki tafet ɗaya a motar layin, wato 'yar ƙusar da ke daidaita bawul, in tayar da ita. Tana fara ƙas-ƙas-ƙas, daga kan bencinsa zai ɗaga murya: "Na biyu ne, ɗan banza! Ɗaure shi kafin in ɗaure ka!" Bai taɓa kuskure ba.

Ran nan na saki na uku. Na tayar. Ƙas-ƙas-ƙas. Ina laɓe bayan bonet ina danne dariya. Shiru. Na ƙara wuta. Shiru. Na ce yau na kama tsoho! Na zagayo ina cewa, "Oga, kunne ya tsufa?" Yana zaune a benci, ya jingina da bango, shayinsa bai ma huce ba. Na taɓa hannunsa.

Jama'a, mutumin da muka gaisa da shi yanzun nan!

A motar muka kai shi asibiti, a ita muka kai shi makwancinsa, tana ta ƙas-ƙas duk hanya. Na ɗauki sifana in ɗaure tafet ɗin, na mayar ban ɗaure ba.

Da muka dawo, shugaban kwamiti ya ce tunda mai lallaɓa ta ya tafi, sai a sauya injin. Kowa ya dubi Kawu, don yau ba mai yi masa musu. Kawu ya tashi, ya tayar da motar, ya kara kunne a jikin injin da ya shekara yana zagi. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini sifana, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Na uku ne, ɗan banza. Ɗaure shi. Kuma duk wanda ya taɓa injin nan, da ni zai yi."

Na ɗaure. Ƙarar ta ɗauke.

Mama, ki yi haƙuri. Ba ke kaɗai kika yi rashi ba, mu ma marayu ne. Yaya Babba, kada ka rufe garejin nan. Bencinsa na nan, mu ma muna nan, kuma motar za ta ci gaba da fita duk sa'ar da aka buga ƙofa.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ya Allah, bawanka ya saurari kukan ƙarfe ya share na mutane. Ka ji namu a kansa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa dangana. Amin.