Awa Biyar Daga Jidda

A tashar Isa, cikin motar Sakkwato da ta ƙi cika, wani dattijo yana ta ƙwala wa direba kira, har matar da ke gefensa ta gaji.

"Baba, ka bar kunnenmu ya huta. Saura mutum uku."

"Hajiya, yau ɗana ya ce za shi taso daga Jidda. Awa nawa jirgi ke yi?"

"Zuwa Sakkwato? Biyar. Na taɓa hawa."

"Biyar? Har da teku da hamada? Mu ko tun asuba ba mu bar tasha ba!"

"Ai jirgi ba ya tsayawa shingen sojoji. In ya sauka ya jira ka. Jariri ne?"

"Ba ya jira. Ƙauyenmu za shi wuce."

"Kira shi mana."

"Da wane sabis? Wata biyu da yankewa. Bai san mun tashi ba. Ba kowa can sai masu bindiga."

Ta dube shi.

"Shi ne ka tsaya kana min zancen teku? Direba! Tada mota, ni za ni biya kujeru ukun!"