Ƙafar Dattijo da Nas ɗin Talabijin

A tashar bas ta unguwarmu a Melbourne, ina zaune na baza kunne yadda na saba, sai wani dattijo ya tare wata mata mai jan gashi.

"Sista Glenys, taimaka ki duba mini ƙafar nan. Kwana biyar tana kumbura."

"Baba, ni 'yar wasa ce. Nas ɗin nan ta talabijin ce, kuma shekara tara ke nan da aka kashe ta."

"Na kalla, marigayiya matata har da kuka. To, ƙafar fa?"

"Na yi sarauniya a dandamalin Sydney, na fito a fim huɗu. Yanzu ma gwaji za ni, kuma na rantse ba zan ƙara sa farar riga ba."

"Allah ya ba da sa'a. Danna nan ki ji."

Ta leƙa ƙafar, sai muryarta ta koma irin ta cikin shirin.

"Wannan ba ta jira. Tashi ka wuce asibiti yanzu, ban son musu."

Dattijon ya miƙe yana murmushi.

"Likita ma haka ya ce tun Litinin. Amma shi yaro ne, ban san shi ba."